Alhamdulillahi, an kammala

Jiya na kare kundin digirina na uku a fannin kimiyyar nukiliya, kuma daren jiya ne na fara barcin da babu lissafi a cikinsa. Waɗanda suka bi ni tun farko sun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Dare ɗaya dai ya ƙi fita raina. Aikina ya ɗoru ne kan abin da masanin kimiyya Danilyan da abokan aikinsa suka gano a Mosko a 1977: idan niyutiron (ɗaya daga cikin ƙananan ɓurɓushin da ke cikin ƙwayar zarra, mai juyawa a kansa kamar katantanwa) da aka saita juyinsa ya fasa ƙwayar zarrar sinadarin fulutoniyom-239, gutsattsarin ba sa watsuwa daidai wa daida. Ƙaramin gutsuren ya ɗan fi karkata gefe guda, wato abin da ke faruwa ya saɓa da hotonsa na madubi. Bambancin 'yan kaɗan ne cikin 10,000, sai an tara fashewa biliyoyi ake ganinsa, ana ta sauya alkiblar juyin niyutiron.

A daren nan, ina tsakiyar irin wannan awon a kan sinadarin yuraniyom-233, sai bambancin ya ɓace ƙurmus. Wallahi gwiwoyina sanyi suka yi, na ce shi ke nan, duk abin da na gani a baya kuskuren na'ura ne. Baban da ke kula da na'urorin ya riga ya tashi daga aiki, amma ya dawo ƙarfe uku na dare. Zauna, shi ne kawai abin da ya ce mini. Ashe waya ce ta saki a na'urar da ke sauya juyin. Ya hana ni ambatonsa, to Baba ka yi haƙuri. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya raya zuri'arka, ya sa ka gama lafiya.

Malamina, sau uku kana zana mini bayanin masana Sushkov da Flambaum kan wannan bambancin a allo ba ka gaji ba, har na gane yadda tasirin da bai wuce 1 cikin miliyan 10 ba ke ninkuwa kusan sau 1,000 saboda cunkoson matakan kuzari a ƙwayar. Allah ya ƙara ɗaukaka.

'Yan uwan da na tura wa gayyata ko amsa babu, na san hidima ta yi yawa. Ba komai.

Inna kuwa, abin da ta fahimta kawai shi ne ina so madubi ya ƙi daidaita. Shekara huɗu tana tashi cikin dare tana roƙa mini hakan. Allah ya ba ni ikon kyautata miki, Inna. Amin.