Asabar ɗin ruwa, ni da Kawu da 'yan kaboyi

Yau ban buɗe shago ba. Tun asuba ake tafka ruwa, layinmu ya koma taɓo, don haka na zauna na kwashe tarkacen ƙarƙashin gado da uwargida ta daɗe tana yi mini mita a kansu. A ciki na tono faifan The Good, the Bad and the Ugly, duk bayansa ya ƙarje. Ina cikin gwada shi sai ga sallamar Kawu, rigarsa jiƙe sharkaf. Da kiɗan farkon fim ya shiga kunnensa, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ja kujera.

Kawu yana cikin samarin da kuɗinsu ya ƙare a Plaza da Orion a shekarun 1970, lokacin da fim ɗin kaboyi ke gogayya da na Indiya a silimun Kano. Bai da haƙurin kallon awa uku yanzu. Ya ce, "Ɗan nan, kai mu maƙabarta kawai."

Na kai mu. Mutum uku, Clint Eastwood da Lee Van Cleef da wani ɗan fashi mai suna Tuco, tsaye a wani fili mai da'ira da aka shimfiɗe da duwatsu, kaburbura sun kewaye su har iya ganin ido. Zinariya ta dala 200,000 tana binne a ɗaya daga ciki, Clint Eastwood kuma ya ajiye dutse a tsakiya, wai a jikinsa ya rubuta sunan kabarin. Daga nan babu mai cewa uffan. Darakta Sergio Leone ya fara nuno su daga nesa, sannan ya riƙa matsowa: fuska, ɗamara, hannu, ido. Idon Tuco sai wulƙawa yake hagu da dama, yatsunsa na lalubar igiyar da ya rataye bindigarsa. Hannun Lee Van Cleef yana rarrafawa a hankali zuwa ga kube, har ana ganin guntun ɗan yatsansa na tsakiya, wanda da gaske haka yake, ba kwalliyar fim ba ce. Kiɗan Ennio Morricone yana hawa yana hawa. Sai harbi. Van Cleef ya faɗi, ya yunƙura, aka ƙara masa, ya gangara cikin buɗaɗɗen kabari, Eastwood ya bi malafarsa da bindigarsa da harsashi ya tura masa su ciki.

Kawu ya buga cinya ya ce namiji ke nan, ko gezau bai yi ba. A nan muka saɓa. Na ce, Kawu, ina jarumtar take? Tun daren jiya Eastwood ya zare wa Tuco harsasai. Shi kaɗai ya san mutum ɗaya zai lura da shi, sauran biyun kuwa kowa hankalinsa ya rabu gida biyu. In ka sake kallon wurin da wannan a ranka, natsuwar Eastwood ta mai sanin sirri ce, mai tsoron gaske kuma Tuco ne, da ya tsaya gaban mutuwa da bindigar da babu komai a cikinta bai sani ba. Ni shi nake kallo duk lokacin, shi ya sa wurin bai taɓa gundurata ba. Kawu ya ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma in daina ɓata masa fim.

Na ƙara ɓata masa da cewa ba ma a Amurka aka ɗauka ba. A Sifaniya ne, kusa da Burgos, a 1966, sojojin ƙasar ne suka kakkafa dubban kaburburan bogin, daraktan kuma ɗan Italiya ne. Ya ce ko a Wudil aka ɗauka shi bai dame shi ba.

Bayan azahar, da muka ci abinci, na nemo masa nawa gwanin a waya: farkon Once Upon a Time in the West na 1968. 'Yan bindiga uku suna jiran jirgin ƙasa a wata tasha da ba kowa, kamar masu jiran mota ta cika ranar da babu fasinja. Fiye da minti goma babu kiɗa, sai kukan farfelar injin ruwa da iska ke juyawa. Jack Elam yana fama da ƙuda da ya nace wa gemunsa, ya hura, ya yamutsa baki, ƙarshe ya rufe shi cikin bakin bindiga ya kara a kunne yana sauraren kukansa. Woody Strode ruwa ke ɗigo masa a ka, bai matsa ba, ya sa malafa, da ruwan ya taru a kanta ya shanye. Na ukun yana ta ƙas ƙas da yatsu. Jirgi ya zo ya wuce, sai ga Charles Bronson a ɗaya gefen layin dogo yana busa ɗan abin busarsa. Ya ga dawaki uku, suka yi masa ba'a cewa babu na huɗu da zai hau, ya nuna musu ai biyu ne ma suka yi yawa. Harbin kansa bai kai ƙiftawar ido biyu ba, kuma shi ma Bronson ya sha harsashi a kafaɗa. Wannan ya fi kwanta mini a rai, domin kafin mutanen nan su mutu na riga na san halin kowannensu, alhali kusan ba su ce komai ba.

Kawu ya yi gyangyaɗi wajen ƙudan. Da ya farka ya ce nasa na biyu shi ne na agogon aljihu a For a Few Dollars More, inda ba a zaro bindiga sai kiɗan agogo ya tsaya. Wannan kam ban yi masa musu ba.

Abba da ke kwance a tabarma ya tambaya ko da gaske haka ake yi, a tsaya ana kallon juna. Na ce masa fitaccen faɗan da aka yi da gaske, na O.K. Corral a garin Tombstone ranar 26 ga Oktoba 1881, kusan daƙiƙa 30 ya ɗauka, an yi harbi wajen 30 a ɗan ƙunci, mutum uku suka mutu, babu wanda ya jira kiɗa. Ya ce to gara na fim.

Dab da magariba aka ɗauke wuta, ruwan ma ya tsagaita. Na so in nuna wa Kawu ƙarshen Unforgiven, inda bindigar Eastwood ta ƙi tashi a cikin mashaya, amma ya ce ba ya son ganin gwaninsa ya tsufa yana faɗowa daga doki. Na raka shi bakin titi ya hau adaidaita. Gobe da sassafe akwai kayan da zan karɓo a tasha, in hanya ta bushe.