Ƙwan da Nake Ɗorawa a Kan Akwatin Kifi

Shagona ƙarami ne, a Kano yake, ni da yara biyu ne a cikinsa. Sana'armu haɗa akwatunan gilashi na kifin ado. Mukan sayo gilashi a yanko mana shi a kan awo, mu manne shi da silikon, mu bar shi ya bushe kwana biyu, sannan mu cika shi da ruwa mu ga ko zai yi yoyo. In ya tsaya lafiya sai a zuba tsakuwa, a ɗaura matata da famfon iska. Kifin kuwa daga Legas yake zuwar mana, a cikin ledoji da aka hura wa iskar shaƙa aka ɗaure bakinsu da roba. Masu sayayyarmu sun haɗa da masu ofisoshi, da iyayen da ke son faranta wa yara, da 'yan uwan amarya masu neman abin da zai ƙawata falo. Akwatin da ya fi fita shi ne mai ƙafa biyu, wato tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, wanda ke cin ruwa lita 54.

Mutum zai yi rabin awa yana zaɓen kifi, yana nuna wannan yana fasa wancan. Zai ja ciniki a kan gilashi har sai maƙogwaro ya bushe. Amma da an zo maganar fitila sai ya kaɗa hannu ya ce, "Malam, sa mini kowanne, ai ƙwai ƙwai ne." To a nan nake tsayar da shi, domin mafi yawan ƙorafin da ke dawo mini shago, in na bi sawunsa, a kan fitilar nan yake ƙarewa.

Ni ma da tsada na koyi wannan. A shekarata ta farko na haɗa wa wata Hajiya akwati mai ƙafa biyu da murfin katako, na sa mata kifin zinariya huɗu, irin jajayen nan masu jela kamar mayafi. A cikin murfin na ɗaura ƙwan lantarki na da, mai zare a ciki, wat 60, don haskensa ja-ja yana fito da kalar kifin. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan taɓa digiri 40. Kwana huɗu da kai mata sai ga wayarta. Ta ce, "Malam, kifin nan fa duk sun taso sama suna ta buɗe baki kamar masu neman ceto, ɗaya ma ya kwanta a gefe." Na hau mashin na tafi. Ina ɗaga murfin sai wani hucin zafi ya daki fuskata, na tsoma hannu na ji ruwan kamar wanda aka sirka don wankan jariri. Ma'aunin da na zo da shi ya nuna digiri 34. Kifin zinariya asalinsa daga ƙasar Sin yake, kuma ruwa mai ɗan sanyi yake so, wajen digiri 20 zuwa 24. Ga shi kuma duk yadda ruwa ya yi zafi, haka iskar shaƙar da ke cikinsa take raguwa, shi ya sa suka taso sama suna haki. Biyu sun mutu kafin yamma. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne, ba na kifin ba ne kuma ba naki ba ne." Na biya ta kifinta, na cire ƙwan a ranar. Har yau in na tuna yadda ƙaramar jikarta ta tsaya tana kallona ina kwashe su da raga, sai na ji abin a raina.

Ƙwai mai zare kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, ɗan ragowar ne haske. A ƙasashen sanyi wannan bai cika damun kowa ba, tunda su har na'urar ɗumama ruwa suke sakawa. Mu a nan zafi ne babban abokin gabar kifi daga Maris har zuwa saukar damina. Don haka tambayar da nake fara yi wa kowane ƙwai ita ce, zafin me kake fitarwa? Nakan kunna shi a shago minti ashirin, in ɗora bayan hannuna a jikinsa. In ban iya jurewa ba, ba zai shiga murfin akwatina ba.

Daga nan na koma dogon ƙwai, wanda ake ce wa fulorasan. Akwai T8 mai kauri, akwai T5 siriri, lambar tana nuna kaurin bututun ne: T8 inci ɗaya, T5 kuwa biyar bisa takwas na inci. Haskensu mai kyau ne, yana bazuwa daga wannan bango zuwa wancan, kuma shekara da shekaru da su masu kiwon kifi a duniya suka dogara. Sai dai wutarmu ba ta raga musu. In aka kawo ta ba ƙarfi, irin mai cok da sitata, wato 'yan na'urorin da ke tayar da shi, sai ya yi ta ƙyafta ido ya kasa kamawa, kifi na ta firgita suna buga gilashi. Bayan kamar shekara guda haskensa ya dusashe ko da bai mutu ba, bakin bututun ya yi baƙi. Sannan akwai sinadarin makuri a cikinsa, in ya fashe a kan ruwa an shiga uku. Yanzu sai wanda ya zo da tsohon murfinsa ya nace nake canza masa irinsa.

Abin da nake aiki da shi yau LED ne. Farin LED ya samu ne bayan da wasu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a yi mai shuɗin haske, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2014. Mu dai a nan ribar da muka ci ita ce, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ƙwai mai zare sai ya sha wat 60 yake bayarwa, wajen lumen 800. Na taɓa zama na yi wa wani Alhaji lissafi a bayan rasit, lokacin da aka mayar da kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024. Wat 60 na awa 8 kullum, a wata ya sha yunit 14 da ɗoriya, sama da naira 3,200 ke nan. Wat 9 kuwa yunit 2 da kaɗan, bai kai naira 500 ba. Ya dubi takardar ya ce, "Ashe tsohon ƙwan nan ya fi kifin ci." Ga mai inbata ko sola kuwa maganar ta fi haka nauyi, don kowane wat daga jikin batirinsa yake fita.

Lambobi uku nake koya wa yarana su duba a jikin kwali. Wat shi ne cin wuta. Lumen shi ne yawan hasken da ido ke gani. Ta ukun ita ce lambar da harafin K ke biye da ita, wadda ke faɗin launin hasken. 2700K ja-ja ne kamar hasken fitilar ƙwai, yana sa ruwa ya yi kamar an jiƙa shayi a ciki. 6500K fari ne tas kamar hantsi, shi nake sa wa kusan kowa, domin a ƙarƙashinsa ganye yana fitowa kore shar, jan kifi ja, tsakuwa da kalarta ta gaskiya. Daga 10000K zuwa sama ya koma shuɗi-shuɗi, wannan na masu akwatin ruwan gishiri ne da ke kiwon murjani, ba namu ba. Sai dai fa ba duk abin da aka rubuta a kwali ne gaskiya ba. Na sha sayo ƙwai an rubuta wat 20, in na soka shi a ɗan mitan da nake da shi sai in ga ko rabin haka bai kai ba. Shi ya sa ba na sayen katan sai na gwada guda.

Yawan hasken kuma abin da ke cikin akwatin ne yake yanke shi. Mutane da yawa sun ɗauka kifi ne ke buƙatar fitila. Kifi hasken ɗaki ma ya ishe shi ya gane dare da rana. Fitilar ta mai kallo ce, sai kuma ta tsiro in akwai tsiro mai rai a ciki. In furen roba ne aka jera, lumen 500 ya wadatar da akwati mai lita 54. In akwai tsiro mai sauƙin hali, awon da muke bi shi ne lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita, wato tsakanin 540 da 1,080 a wannan akwatin. Tsiron da na fi ba mutane shi ne anubiyas, mai kaurin ganye, wanda asalinsa ma daga yankinmu yake, a bakin rafukan dazukan kudancin Najeriya da Kamaru inda inuwar bishiyoyi ta rufe ruwa. A inuwa ya tashi, don haka in ka sakar masa haske mai ƙarfi ba girma zai ƙara ba, gansakuka ce za ta rufe masa ganye. Ana ɗaure shi ne a jikin dutse ko itace, ba a binne gindinsa a tsakuwa.

Akwai kuma kifin da haske mai yawa azaba ne a gare shi. Akwai wani baƙi mai dogon baki kamar haurin giwa da ake kamawa a kogin Neja ana fitar da shi har Turai. Da dare yake yawonsa, yana lalubo abinci da wata 'yar wutar lantarki da jikinsa ke fitarwa. In ka sa shi a ƙarƙashin fitila mai kashe ido ba tare da maɓoya ba, zai maƙale a lungu ya ƙi ci har ya rame. Duk wanda ya nemi irinsa nakan rage masa haske, in sa masa guntun bututu ko tukunyar ƙasa da aka fasa gefenta.

Abin da ya fi ba ni wahalar fahimtar da mutane shi ne kashe fitila. Kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, amma yana barci. Awa 6 zuwa 8 a rana ta isa, sauran lokacin a bar shi ya huta. Wata mata ta dawo mini bayan wata guda da hoton akwatinta a waya, ruwan ya zama kore kamar miyar kuka, ko kifin ba a gani. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan da ka zuba mini ne ba shi da kyau." Na ce, "Baba, ƙarfe nawa ake kashe fitilar?" Ta ce ai ba a kashewa, yaran suna son ganinsa ko da dare, kuma a bakin taga ta ajiye shi don ya sha rana. Gansakuka abu biyu take nema, haske da ragowar abincin da ya ruɓe a ruwa, ita kuwa ta haɗa mata duka biyun. Muka janye akwatin daga taga, muka lulluɓe shi da bargo kwana uku, muka riƙa canza sulusin ruwan, aka rage abinci. Ruwan ya washe ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba.

Wutar NEPA ita ma tana da nata hannun a wannan. An ɗauke da rana, an bar makunni a kunne, sai ƙarfe biyun dare a kawo, fitila ta haska kifin da ke barci a cikin duhu, su watse suna karo da gilashi. Na fara sa wa mutane taima mai juyawa kamar agogo, sai na gane in wuta ta ɗauke ita ma tsayawa take, lokacinta ya rikice. Yanzu mai lambobi nake sawa, wadda ke da ɗan batiri a ciki da ke riƙe lokaci. Nakan saita ta daga ƙarfe 3 na yamma zuwa 10 na dare, lokacin da mutanen gida suke falo.

Masu son fitila mai canza kala, ja da kore da shuɗi da rimot ɗinta, ba na hana su, don na san tana burge baƙi. Amma nakan gaya musu ra'ayina kai tsaye: a kunna ta awa guda in an yi baƙi, a tsayar da ita a kala ɗaya, kada a sa ta a mai walƙiya. Fitilar kullum ta zama fara.

Inda ba na sassauci ko kaɗan shi ne haɗuwar ruwa da wuta. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma famfon iska yana fesa ɗigon ruwa a ƙarƙashin murfi dare da rana, ga tururi. Ƙwan soket na ɗaki in aka rataye shi tsirara a nan, wata rana sai ya ja wani, kuma yawanci yaro ne zai tsoma hannu. Don haka nake amfani da sandar LED mai bolt 12 wadda aka rufe ruf, mai alamar IP67 ko IP68 a jiki, wato shaidar cewa ruwa ba ya shigarta, adaftarta tana can nesa a bango. Wayar kuma nakan bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, yadda in ruwa ya biyo ta zai ɗiga a ƙasa. Wani amfanin bolt 12 ɗin shi ne mai batirin sola zai iya jona ta kai tsaye.

Jiya da la'asar babban yarona ya kai wani akwati mai ƙafa biyu wani gida a Tarauni: ƙananan kifin nan masu kala da ake ce wa gofi guda goma, anubiyas biyu a jikin dutse, sandar LED mai wat 8 da 6500K, da taima. Kafin ya fita ya ce, "Maigida, in gaya musu maganar hunturu?" Na ce ya gaya musu. In ƙurar hunturu ta sauka takan kwanta a kan gilashin murfi, ruwan burtsatse kuma ya bar farin tabo daga ƙasa, sai mutum ya ga haske ya ragu ya zo neman sabuwar fitila. Tsumma da ɗan ruwan lemon tsami ne maganinsa, duk Juma'a, bayan an zare wuta.