Tumbina da wata huɗun da na yi ina fama da shi

Ranar da na kai ɗinkin Babbar Sallah wurin telana a unguwar Badariya nan Birnin Kebbi, ya zagaya tef a kuguna ya duba, ya jawo tsohon littafinsa ya sake dubawa, sai ya ce "Yallaɓai, bara 38 na rubuta maka, yanzu fa 41 ne, sai dai a ƙaro yadi." Waɗanda ke zaune a shagon suka ce ai alamar hutu ce, kuɗi sun zauna. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, saboda ni na yi jinyar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ciwon suga ne ya kwantar da shi, kuma ni nake ɗaukarsa duk sati a je a wanke masa ƙafa, na san yadda abin yake farawa.

Washegari na je asibiti. Kilo 93, jinina ya fara hawa. Likitan ya ce min namiji in kugunsa ya wuce inci 40, mace kuma 35, to an shiga layin haɗari, kuma abin da ake so kugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Ni tsawona inci 68 ne, wato ƙasa da 34 ya kamata in kasance. Ya ce kitsen tumbi ba a ƙarƙashin fata kawai yake ba, har hanta da hanji yake lulluɓewa, shi ya sa ya fi na cinya da na damtse illa.

To ni da na fito sauri nake so, kuma saurin nan ne ya ci min wata guda a banza. Na sayi shayin rage tumbi da na ga ana talla a Facebook, kwana uku ina zaryar bayi, sikeli ya nuna kilo 2 sun tafi, cikin sati suka dawo don ruwan jikina ne kawai ya zube. Na ɗaure ciki da leda na fita gudu da rana, a zafin Birnin Kebbi da ke wuce digiri 40, wallahi sai da jiri ya zaunar da ni bakin titi wani ɗan kabu-kabu ya kawo ni gida. Zufa ba kitse ba ce jama'a. Mafi yawan kitsen da jiki ya ƙone ma ta numfashi yake fita. Sannan na gwada ƙin cin komai tun safe har magariba, da dare sai in zauna in rama har da riba.

Lissafi ne ya dawo da ni hayyacina. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In ka rage 500 kullum daga abin da jikinka ke buƙata, rabin kilo ke nan a sati, kuma masana sun ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saurin da ba ya cutarwa. Duk mai ce maka kilo 10 a sati biyu, kuɗinka yake so.

Inda saurin gaskiya yake a kicin ne, kuma a nan sai na gode wa uwargida don ba don ita ba da ban kai ko'ina ba. Mun fara da mai. Cokalin cin abinci ɗaya na mangyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, giram ɗaya na mai yana da 9 alhali na sitacin da ke cikin shinkafa ko furotin da ke cikin nama 4 ne, to ka tuna yadda muke tuttula mai a kan shinkafa da wake har ya taru a gindin faranti, ni kaɗai nakan zuba cokali huɗu ban ma san na yi ba. Ta ce "Maigida, daga yau ni zan riƙa auna maka," ta ware wani cokali ta ajiye kusa da kwalbar, ɗaya tak. Satin farko abincin salam nake jinsa, na riƙa ƙara yaji da albasa da tumatir, yanzu kuma in na ci na wani gida man ne ke ginsata.

Sai abin sha. Robar lemo ta 50cl tana ɗauke da suga sama da giram 50, cokalin shayi goma sha biyu ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini gaba ɗaya, in da hali ma 25. Ni biyu nake sha a ofis, ga shayi mai kauri da dare wurin mai shayi da biredi da wainar ƙwai. Tafiyar rabin awa ba ta ma gama ƙone roba ɗaya ba. Na daina lemo kwata-kwata, zoɓo da fura kuma ina sha amma ba suga, kuma furar rabin abin da na saba.

Tuwon shinkafa ban bar shi ba, Bakabe ya bar shinkafa ya ci me? Malmala uku ce ta koma ɗaya da rabi, miya ta fi yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe, kuma kafin in sa hannu a tuwon sai na fara cin kwaɗon zogale ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli. Allah ya hore mana kifi a jihar nan, daga Argungu har Yawuri, sai muka koma gasawa da farfesu maimakon suya. Dafaffen ƙwai biyu da safe ko alale yana riƙe ni har azahar, abin da masa da fanke ba su taɓa yi min ba. Hadisin nan da muka haddace tun muna Islamiyya, na raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, sai yanzu na san nauyinsa.

Abin da ya fi min wuya mutane ne, ba yunwa ba. A majalisa tire ɗaya ake ci, ka cire hannu da wuri a ce raini ne, wurin biki a dire maka lemo a gaba. Inna ma da ta ga wuyan rigata ya fara yin yawa sai da ta kira ni ɗaki, "Kai ko wani abu ke damunka kake ɓoye min?" Na zauna na yi mata bayani har na tuna mata jinyar Baba, ta yi shiru, ta sa min albarka.

Motsa jiki kuwa ban shiga jim ba. Bayan sallar asuba nake fita daga Gesse in yi tattaki da sauri, irin saurin da za ka iya magana amma numfashi na ɗan sama-sama. Minti 15 na fara, yanzu 45, kwana biyar a sati, abin da hukumar lafiyar ta ce dai minti 150 zuwa 300 a sati, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wannan na biyun kada a raina shi, don in kana rage ci ba ka aikin ƙarfi har tsokarka za ta zube tare da kitsen. A tsakar gida nake yi, tashi-zauna, tura ƙasa da hannu, da ɗaga jarka biyu cike da ruwa. Atisayen ciki shi kaɗai ba ya cire tumbi, jiki ba ya zaɓar inda zai ɗebi kitse don ka matsa wa wurin. Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu, gwiwa za ta ba shi matsala. Barci ma na gyara, awa bakwai, don na lura duk daren da na raba a waya washegari kwaɗayin zaƙi ke damuna.

Dan Allah mai shan maganin suga ko na hawan jini, da mai ciki, da mai shayarwa, a ga likita kafin a rage abinci, suga na iya faɗuwa ƙasa mutum ya suma.

A wata na uku sikeli ya tsaya cak har sati biyu, raina ya ɓaci sosai, amma da na sa tef sai na ga kugun ya ragu da rabin inci, tun daga nan duk Juma'a da safe nake auna duka biyun in rubuta a bayan kalanda. Yau ina kilo 85, kugu 37 da rabi, jinina ya sauka, ina hawa benen ofis ba haki. Saura inci uku da rabi kuma na san su za su fi jinkiri. Satin jiya uwargida ta ce in sayo mata kambas, ita da maƙwabciyarmu za su fara zagaya layi bayan la'asar.