Mashayi ya faɗi, kowa ya ce giya ce

A ɗakin marasa lafiya na maza inda nake aikin jinya a Jos, babu wanda ake saurin yanke wa hukunci kamar mashayi. Da an shigo da shi yana jijjiga, kumfa a baki, warin burukutu na tashi daga rigarsa, sai ka ji dangi da ma'aikata sun haɗa baki: giya ce. A yi masa allura, jijjigar ta lafa, a sallame shi da faɗa. Wannan gaggawa tana ci mini rai, domin a cikin irin waɗannan mutane akwai waɗanda tsutsa ce zaune a ƙwaƙwalwarsu.

Tsutsar ita ce tsilar alade, wadda likitoci ke kira Taenia solium. Wanda ya ci naman alade da bai dahu ba, mai ɗauke da ƙananan ƙunshin ruwa kamar ƙwayar shinkafa, tsila ce za ta girma a hanjinsa, ta riƙa zubar da ƙwai cikin bayan gidansa. Amma hanyar zuwa ƙwaƙwalwa daban take. Sai mutum ya haɗiye ƙwan nan, ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwa, ko ganyen da aka yi wa ban ruwa da ƙazanta. Ƙwan ya fashe a ciki, 'ya'yan su bi jini su sauka a tsoka, a ido, a ƙwaƙwalwa. Sukan yi shekaru shiru, sai lokacin da suka fara mutuwa wurin ya kumbura, farfaɗiya ta ɓullo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa inda tsutsar ta yi katutu, ita ke haddasa kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya.

Na san mai karatu Musulmi zai ce shi wannan bai shafe shi ba, tunda ba ya cin alade. A 1992 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wasu iyalan Yahudawa a birnin New York, masu tsananin riƙo da addini, waɗanda ba sa kusantar naman alade, amma aka sami cutar a ƙwaƙwalwarsu. Bincike ya karkata ga masu aikin gidansu da suka zo daga ƙasashen da tsilar ta yi yawa. Mu kuwa kasuwa ɗaya muke ci, daga Kafanchan har Zuru da Numan, kuma mai dafa maka abinci ba ya nuna maka abin da ke hanjinsa.

Akwai wani bakanike da ba na mantawa, magidanci mai 'ya'ya. Matarsa ta gaji har ta daina kuka. Ta ce da ni, "Sista, ki bar wahalar da kanki, giyarsa ce. An kai shi wurin addu'a, an yi hayaƙi, ya ƙi bari." Na zauna da ita na ce ta faɗa mini yadda abin ke farawa. Ta ɗaga hannunta na dama ta nuna mini babban yatsa: nan yake fara rawa, ya hau hannu, bakin ya karkace, sannan ya faɗi. Na tambaye ta ko ya daina sha kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Ta ce ina, ranar ma daga mashaya aka kwaso shi.

Waɗannan amsoshi biyu su suka sa likita ya tsaya. Jijjigar da barin giya ke kawowa takan zo ne tsakanin awa 6 zuwa 48 bayan kurɓin ƙarshe, kuma yawanci jiki duka take kamawa lokaci guda. Wadda ta fara daga yatsa ɗaya tana nuna wani wuri takamaimai a ƙwaƙwalwa da ke da matsala. Ƙannen bakaniken suka yi karo-karo aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa da ake kira CT, sai ga fararen ɗigo a warwatse, tsutsotsin da suka mutu suka ƙandare, ga kuma wata mai rai, zagayayyen ƙunshi da ɗigon kanta a ciki.

Giya ba ta haifar da tsutsa, amma tana share mata fage. Mashaya da yawa ba su da masai, bayan katanga ake zagayawa, aladu na kiwo a sake, nama kuma da hannu ake yagarsa a miƙa. Sannan giya na sa ƙwaƙwalwa saurin kamuwa da jijjiga, ta sa mutum ya manta da shan maganinsa, ta kuma ba kowa amsar da za ta hana a ƙara bincike.

Maganin ma sai da lura. Ana ba da albendazole, wani lokaci tare da praziquantel, amma dole a haɗa da maganin rage kumburi irin dexamethasone, domin mutuwar tsutsar na iya tayar da ciwon. Sai an duba ido tukuna, an kuma gwada hanta, wadda a jikin mashayi ta riga ta sha wuya. Waɗanda suka ƙandare ba sa jin maganin tsutsa, na farfaɗiya kawai ake ci gaba da shi. Don Allah kada kowa ya sayi waɗannan a kemis ya ɗura wa mai farfaɗiya. Haka kuma kada a kulle wanda ya daɗe yana sha a ɗaki a ce ya bari yau-yau. Yankewa farat ɗaya na iya kisa, a asibiti ake yinta.

Bakaniken ya samu sauƙin faɗuwa, shan kuwa yana ta fama, yau ya bari gobe ya koma. Mun sa a gwada bayan gidan duk mutanen gidansa, saboda mai ɗauke da tsilar sau da yawa yana nan cikin gida lafiyarsa ƙalau, kuma yara na cin abinci daga hannunsa.