Baƙin Mai Ba Ya Mutuwa

Shekara huɗu na yi ina koyon gyaran mota a wani gareji da ke kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma aikin farko da aka damƙa mini, kamar kowane sabon yaro, shi ne juye. Nakan kwanta ƙarƙashin mota in kwance noti, in tara yankakkiyar jarka har baƙin mai ya gama tsiyayewa, sannan in zagaya bayan shago in tuttular da shi a kwata. Maigidana yakan ce man ya mutu, kuma ba a ajiye matacce. Ban taɓa musa masa ba, domin ƙasar garejin ma ta riga ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta tsirowa a kanta da damina, mu kuwa muna ɗaukar hakan alamar wuri mai ciniki.

Sai da na koma makaranta na fahimci cewa man ba mutuwa yake yi ba, datti yake yi. Abin da ke ƙarewa a cikinsa shi ne sinadaran da kamfani ya haɗa masa, abin da ke baƙanta shi kuma shi ne kunkunniyar hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfen inji, tare da ruwa da fetur da ke tsiyaya cikinsa. A matatar da ke sabunta shi, ana fara dafa shi don a kore ruwa da fetur, sai a turara shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska har tsantsar man ta rabu da dattin, sannan a ƙara tsarkake shi a zuba masa sababbin sinadarai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man inji kusan lita 2.4 da ake samu daga gangar ɗanyen mai mai galan 42, ana iya samun kamarsa daga galan ɗaya tak na tsohon mai. Ƙasar da ke sayo mafi yawan tsantsar man inji daga waje, kamar Nijeriya, bai kamata ta riƙa zubar da irin wannan dukiya a lambatu ba.

Lissafin da ya fi sanyaya mini jiki na hukumar nan shi ne cewa juyen mota ɗaya yana iya gurɓata ruwa galan miliyan ɗaya. Mai yana bazuwa a saman ruwa ya hana iska shiga, yana kuma ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba. Kwatocin cikin birni da yawa a kogin Jakara suke ƙarewa, Jakara kuma ta gangara zuwa madatsar Wasai, masu lambu na ban ruwa da ita a hanya. Na daɗe ina tunanin ko alayyafon da na ci a gida bai sha daga jarkar da na zubar ba.

Akwai kuma abin da muke kira amfani da shi, alhali ɓarna ce ta sauya kaya. Ana shafa shi a katako saboda gara, ana zuba shi a masai don kashe wari da sauro, wasu ma suna shafa wa dabba mai ƙaiƙayi. Na masai ya fi damuna, domin a unguwanninmu tazarar masai da rijiya ba ta da yawa, kuma idan mai ya ratsa ƙasa ya kai ga ruwa, yasa ɗaya ba ta fitar da shi.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne cewa makomar man a ƙarƙashin mota ake yanke ta, tun kafin maganar matata. Idan yaro ya zuba ruwan birki, ko fetur ɗin wanke sassa, ko ruwan lagireto a jarkar da ya tari man, to ya lalata shi, tacewarsa ta yi tsada ko ta gagara. Ganga mai murfi da mazurari, a inuwa, nesa da ruwan sama, ita ce rabin aikin. Haka nan dole a san wanda ake sayar wa, saboda akwai masu tace shi da tsumma su ɗura a sabuwar roba, direba ya saya a matsayin sabo, injinsa ya buga.

Da na je gaishe da maigidana bayan kammala karatu, na tafi masa da ganga, na yi masa bayanin ruwa da rijiyoyi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, ɗana, nawa suke sayen cikakkiya?" Tun daga ranar yaran garejin suka daina zagayawa bayan shago da jarka. Tsofaffin filtoci ne dai har yanzu ake jefarwa a bola da sauran mai a cikinsu, kuma ban samo wanda zai karɓe su ba tukuna.