Tambayar Auta

Da yamma Auta ta kawo mini zanen da aka ba su aikin gida, ƙwayar halittar tsiro a dama, ta dabba a hagu, ta ce in duba mata. Ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ta sa nukiliyas mai ɗauke da DNA, ta sa tantanin da ke tace abin shiga da na fita, kuma ba ta manta ba cewa ƙwayar tsiro tana da bangon selulos a bayan tantanin, ta dabba kuwa babu. Da muka zo kan babbar jakar ruwan da ke tsakiyar ƙwayar tsiro, na nuna mata shukar bakin taga da ganyenta ya yi yaushi, na ce jakunkunan nan ne suka rasa ruwa har suka daina tokare bangon. Ta yi dariya, ta tashi ta ba ta ruwa.

Sai ta ce, "Yaya, tsiro ma yana da mitokondiriya, ko?" Hankalina yana kan waya na ce, "A'a, Auta, shi kuloroplas gare shi." Ko musu ba ta yi ba, ta sa abin goge fensir ta share wadda ta riga ta zana.

Sai da na kwanta abin ya faɗo mini. Kuloroplas haɗa sukari yake yi da hasken rana da ruwa da iskar kabon, mitokondiriya kuwa ita ce ke sarrafa sukarin da oksijin ta fitar da kuzarin da ƙwayar za ta yi aiki da shi, saboda haka tsiro yana da su duka biyun. Da na tsaya na tuna da saiwa, wadda ke cikin duhun ƙasa ba ta da kuloroplas amma kullum tana girma, da ban faɗi abin da na faɗa ba. Na ma san cewa kuloroplas da mitokondiriya kowannensu yana da nasa DNA, abin da ya ƙarfafa ra'ayin da masaniyar kimiyyar halittu Lynn Margulis ta farfaɗo da shi a 1967 cewa asalinsu bakteriya ne. Duk wannan yana kaina, amma na sa yarinya ta goge amsar da take daidai.

Saurin yardar da ta yi ya fi kuskuren damuna. Har yanzu ina ganin gurbin da ta share, ya yi toka-toka kusa da jakar ruwan.

Ta riga ta yi barci. Na rubuta mata a takarda cewa ita ce da gaskiya, ta mayar da zanenta kafin ta fita, na maƙala a bakin jakarta.