Jaririn da ya zo ta ɗuwawu: abin da horar da ungozoma ya koya mini

A cikin kowane ciki ɗari da ya isa haihuwa, uku zuwa huɗu jaririn a zaune yake, ɗuwawu a ƙasa, kai a sama. Wasu ana gano su tun a awo, a gwada juya su ta waje a mako na 36 ko 37, kuma kusan rabi sukan juyu. Wasu kuwa ba a farga sai bakin mahaifa ya gama buɗewa. A lokacin, duk wadda ke tsaye a ɗakin haihuwa ita za ta karɓa, ta iya ko ba ta iya ba. Saboda irin wannan lokacin nake koyarwa.

A shekarar 2000 mujallar Lancet ta buga binciken da Mary Hannah ta jagoranta daga Kanada, kan mata 2,088 masu jarirai a zaune a ƙasashe 26, inda aka ga tiyatar da aka shirya ta fi haihuwa ba tiyata sauƙin haɗari ga jaririn. Nan da nan asibitoci suka koma tiyata. Da aka bi yaran zuwa shekara biyu, rahoton 2004 bai nuna bambanci ba wajen mutuwa ko naƙasar ƙwaƙwalwa, binciken PREMODA na Faransa da Beljiyam a 2006 kuma ya nuna inda ake tantance mata da kyau, akwai kuma ƙwararru, haihuwa ba tare da tiyata ba ba ta fi haɗari sosai ba. Sai dai kafin nan ƙwarewar ta fara barin hannu. Manyan da suka iya suna ritaya, na baya ba su samu wanda za su tsaya a bayansa su gani ba. Wannan rashin yana ci mini rai.

Duk wadda na ba 'yar tsana da ƙashin ƙugu na roba, da ta ga ƙafafu sun fito sai hannunta ya kai ga ja. Ja kuwa shi ke ɗaga hannuwan jariri su maƙale a bayan wuya, kai ya ɗago ya ƙi wucewa. Sai in ce, “Sista, cire hannunki, bar uwa ta yi yunƙuri.”

Amma na lura wannan jumlar kaɗai tana iya cutarwa, don wasu sukan ɗauke ta a matsayin a zuba ido kawai. Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne gane lokacin da jira ya ƙare. Ƙa'idar kwalejin likitocin mata ta Birtaniya ta 2017 ta ce a sa hannu idan an wuce minti 5 daga fitowar ɗuwawu zuwa kai, ko minti 3 daga fitowar cibiya. Don haka a kowane atisaye nakan tsayar da mutum guda da agogo, yana faɗin lokaci da ƙarfi. Mai karɓa kuma idonta na kan jaririn: yana lanƙwasa ƙafa? Jikinsa ya saki? Igiyar cibiya a cike take ko ta yi fari? In jiki ya saki, ba a jiran agogo.

Idan za a riƙe, a ƙashin ƙugun jariri ake riƙewa, ba a cikinsa ba, saboda hanta da saifa. Hannu ya maƙale, a juya jikin ta dabarar Løvset, wato a juya jaririn gefe ɗaya sannan ɗaya gefen har hannuwan su sauko ɗaya bayan ɗaya. Wajen fitar da kai, yatsu biyu a kan ƙashin kunci, ba cikin baki ba. In uwa a durƙushe take, cikin jariri kan fuskanci mai karɓa, komai ya juye, dole a sake gwada kowace dabara ta wannan fuskar.

Horon yini ɗaya baya zama a hannu. Bayan 'yan watanni wadda ta burge kowa sai ka ga tana lalube. Yanzu na fi son atisayen minti goma a cikin ɗakin haihuwar kansa, a maimaita akai-akai, da likita da ungozoma da mai kula da jarirai tare, kayan farfaɗo da numfashi a gefen gado, don irin waɗannan jariran sau da yawa sukan fito a galabaice.